Thomas More: Wazirin Ingila da ya ɓoye taguwar gashi a ƙarƙashin alkyabbar mulki

A shekarar 1527 wani gwanin zane Bajamushe mai suna Hans Holbein ya zana hoton ɗaya daga cikin manyan fadawan Sarki Henry na Takwas na Ingila. Hoton yana nan har yau a gidan ajiye zane-zane na Frick da ke birnin New York. Mutumin da ke cikinsa ya yafa baƙar alkyabba mai bakin gashi, hannuwan rigarsa jan karammiski ne, a wuyansa kuma ga sarƙar zinariya mai nauyi irin wadda sarki ke rataya wa amintattun bayinsa. Duk wanda ya dubi hoton zai ce ga wanda duniya ta shimfiɗa wa tabarma. Sai bayan an fille masa kai jama'a suka ji daga bakin iyalinsa cewa a ƙarƙashin irin waɗannan tufafi ya daɗe yana sanye da wata taguwa ta gashin akuya, mai kaushi kamar buhu, wadda take gurzar fatarsa har wani lokaci jini ya ɓata masa riga.

Sunansa Thomas More. Lauya ne, marubuci, jakada, kakakin majalisa, daga ƙarshe kuma ya riƙe muƙamin Cansalo, wato ofis mafi girma a Ingila bayan gadon sarauta, wanda ya haɗa aikin waziri da na alƙalin alƙalai. Ɗariƙar Katolika ta shigar da shi jerin waliyyanta a 1935, a shekarar 2000 kuma Paparoma John Paul na Biyu ya ayyana shi waliyyin masu mulki da 'yan siyasa. Duk mai aiki a inuwar wani babba yana da abin dubawa a rayuwarsa, domin ranar da ta cinye shi ita ce wadda kowane hadimi ke addu'ar kada ta zo masa: maigida ya miƙo takarda ya ce sa hannu, zuciya kuma ta ƙi.

Ɗan lauya a ƙofar sufaye

An haife shi a Landan a watan Fabrairun 1478. Mahaifinsa, John More, lauya ne da ya kai ga zama alƙali a babbar kotun sarki. Yana ɗan shekara goma sha biyu aka kai shi gidan John Morton, Babban Bishop na Canterbury wanda a lokacin shi ne Cansalo, don ya yi hidima ya koyi ladabin fada, kamar yadda a da ake kai yaro gidan hakimi ko zauren malami. Morton ya ga basirarsa ya tura shi Oxford. Shekara biyu kawai ya yi can uban ya janye shi ya sa shi karatun shari'a, ya shiga makarantar lauyoyi ta Lincoln's Inn a 1496. A 1499 ya haɗu da Erasmus, shahararren malamin nan ɗan ƙasar Holan, suka ƙulla abotar da mutuwa ce kaɗai ta raba ta.

Hanyar arziki ta buɗe masa, amma saurayin ya tsaya yana waige. Surukinsa William Roper, wanda ya zauna gida ɗaya da shi fiye da shekara goma sha shida kuma ya rubuta tarihinsa, ya ce More ya yi kusan shekara huɗu yana raɓe da gidan sufayen Carthusian na Landan, yana ibada tare da su ba tare da ya ɗauki alkawarin zama ɗayansu ba. Wannan ɗariƙa, wadda aka kafa a tsaunukan Faransa a 1084, ita ce mafi tsanani a cikin sufayen Katolika. Kowane sufi yana ɗakinsa shi kaɗai, ba ya cin nama, ba ya magana sai da larura, yana tashi ibada tsakar dare, taguwar gashi kuwa tana cikin tufafinsa na kullum. Marubutan tarihin More na farko sun ce a wannan zamani yakan kwanta a kan katako da gungume a matsayin matashi, barcinsa bai wuce sa'a huɗu ko biyar ba. A lokacin ne kuma ya gabatar da jerin laccoci a wata coci ta Landan kan wani babban littafi na Waliyyi Augustine, malamin nan ɗan Afirka ta Arewa. Mutanen Yola sun san sunan: limaman ɗariƙar Augustine daga Ailan ne suka kafa mishan ɗin Katolika a lardin Adamawa a 1940, bishop na farko na Yola ma, Patrick Dalton, daga cikinsu ya fito.

Wanda bai saba da Katolika ba zai tambaya me zai kai mai hankali ga gurzar fatarsa da hannunsa. A koyarwar cocin, mai zunubi yakan je wurin fada ya furta laifinsa a yafe masa, amma yafiya ba ta kankare sabon da zuciya ta yi da laifin. Don haka ake ɗora masa aikin tuba, wanda tun farkon Kiristanci ya ginu a kan abu uku: addu'a, azumi da sadaka. Horon jiki reshe ne na azumi. Cocin ba ta ɗauki jiki mugun abu ba, ta ma yi tir da ƙungiyoyin da suka koyar da haka. Abin da take tsoro shi ne sha'awa, wadda za a iya kwatanta ta da ingarman doki: in ba a saba masa da linzami ranar zaman lafiya ba, ba zai ji shi ranar yaƙi ba. Akwai kuma niyyar yin tarayya da Almasihu cikin wahalar da Kirista suka yi imani ya sha. Taguwar kanta tsohuwa ce, sunanta na Latin ya samo asali ne daga Kilikiya, wani yanki na kudancin Turkiyya ta yau da ya shahara da awaki masu kaushin gashi. Malaman cocin sun daɗe suna gindaya mata sharaɗi biyu: izinin liman mai jagorantar mutum, da ɓoyewa. Sa'ad da babbar annoba ta ci Turai, gungun mutane suka riƙa bin gari-gari suna tsula wa kansu bulala a kasuwa, Paparoma Clement na Shida ya haramta tafiyarsu a 1349.

A ƙasar Adamawa ba a rasa abin kwatance ba, sai dai kwatancen yana ƙarewa da wuri. A sharo, saurayin Bafulatani kan tsaya a fili a zuba masa tsumagiya bai motsa ba, ladansa kuwa yana idon 'yan kallo. Da za a yi sharo a ɗaki ba kowa, da ya zama wahalar banza. Taguwar gashi akasin haka take, ranar da aka gan ta, ranar ta fara rasa amfaninta. Ta fi kusa da abin da Musulmi ya sani na azumin nafila da tsayuwar dare da ake so a ɓoye gudun riya, ko da yake Musulunci bai yarda da ruhubananci ba, bai kuma yarda a raunata jiki da sunan ibada ba. Ita ma Katolika ta yau ta sassauta ƙwarai. Tun dokar da Paparoma Paul na Shida ya fitar a 1966, abin da ke kan kowa bai wuce ƙaurace wa nama ko wani aikin tuba a ranakun Juma'a ba, musamman cikin azumin kwana arba'in, sai taƙaita abinci a rana biyu: Larabar Toka da Juma'ar da ke gabanin Ista. Wanda ya taɓa wucewa ta babbar cocin St. Theresa da ke Jimeta ranar Larabar Toka ya ga masu ibada suna fitowa da alamar toka a goshi, ragowar tsohuwar al'adar tuba cikin tsumma da toka. Nauyin ya fi karkata yanzu ga sadaka, kamar yadda aka gani a harabar wannan coci a 2014, lokacin da ta buɗe ƙofa ga dubban 'yan gudun hijira daga Mubi, Michika da Madagali.

Sirrin da uwargida ta yi shekara ba ta sani ba

More bai zama sufi ba. Erasmus ya ce abokin nasa ya auna kansa ya ga ba zai iya zama babu mata ba, ya gwammace ya zama miji mai kamun kai da ya zama liman mai aibi. Ya auri Jane Colt wajen 1505, suka haifi 'ya'ya huɗu: Margaret, Elizabeth, Cecily da John. Ta rasu a 1511, kafin wata ya cika ya auri Alice Middleton, bazawara mai kaifin harshe da iya riƙon gida. Ya bar gidan sufaye, amma ya tafi da taguwarsu.

Limamin unguwarsu na wancan lokaci, John Bouge, ya rubuta bayan mutuwar More cewa Alice ta yi kusan shekara kafin ta gano taguwar, tana ta mamakin inda ake wanke rigunan mijinta, da ta gano kuma sai ta roƙi limamin ya ba shi shawara ya tuɓe ta. Daga baya babbar 'yarsa Margaret ce kaɗai ya amince wa da wanke ta, ita ce kuma ta san cewa wani lokaci yakan hori kansa da igiya mai ƙulli. Roper ya kawo labarin wani maraice na lokacin zafi da More ya zauna cin abinci da 'yar riga mara kwala, Anne Cresacre, yarinyar da ta zama matar ɗansa, ta hango gashin ta kama dariya. Margaret ta raɗa masa, ya gyara rigarsa, ransa bai ji daɗin an gani ba.

Kada a ɗauka gidan makoki ne. A gidansa na Chelsea da ke bakin kogin Thames akwai biri da tsuntsaye da kayan kiɗa, har da wawan gida mai ba da dariya, shi kansa maigidan ya shahara da barkwanci ta yadda ba a gane lokacin da yake wasa. Ya koya wa 'ya'yansa mata Latin da Girkanci a zamanin da ake ganin hakan ɓata lokaci ne. Sai dai ya gina wani sashe can gefe mai ɗakin ibada da ɗakin karatu, in hali ya yi yakan wuni a ciki ranar Juma'a shi kaɗai. Abin mamaki, a littafinsa Utopia na 1516, mutanen tsibirin da ya ƙirƙira suna ɗaukar rame jiki da azumi a matsayin hauka in dai ba don amfanin wasu ko neman lada wurin Allah aka yi ba. Wato ya san hujjar masu suka sarai, ya rubuta ta da alƙalaminsa, ya kuma ci gaba da sa taguwarsa.

A wannan littafi ne kuma ya yi muhawara da kansa kan ko ya dace malami ya shiga hidimar sarki. Ɓangare ɗaya ya ce fada ba ta jin gaskiya, wanda ya shige ta ko dai ya lalace ko a kore shi. Ɗaya ɓangaren ya ce abin da ba ka iya mayarwa alheri, ka yi ƙoƙarin rage sharrinsa. More ya bi na biyu. Ya yi mataimakin alƙalin birnin Landan daga 1510, ya shiga majalisar sarki wajen 1518, ya zama tamkar sakataren Henry, mai karanta masa wasiƙu da rubuta amsa. An ba shi lambar girma da muƙamin mataimakin ma'aji a 1521, ya zama kakakin majalisar wakilai a 1523, inda ya roƙi sarki ya bar 'yan majalisa su faɗi ra'ayinsu ba tsoro. Henry ya so shi har yakan faɗo gidansa cin abinci ba sanarwa, ya zagaya lambu da hannu a wuyansa. Roper ya taya shi murna, More ya amsa masa da cewa da kansa zai iya samo wa sarki ganuwa ɗaya a Faransa, da tuni ya rabu da wuyansa. Abokin sarki sarki ne, in ji masu magana, amma shi bai taɓa ruɗuwa da wannan ba.

A nan ne amfanin taguwar ya fara bayyana a ofis. Mutumin da ya saba hana kansa abin da ya halatta, ba ya wahala wajen ƙin abin da ya haramta. Wata attajirar gwauruwa da ya yanke hukunci a kan ƙararta ta kawo masa safar hannu da fam arba'in na zinariya a ciki a matsayin kyautar sabuwar shekara. Ya karɓi safar don kada ya kunyata ta, ya mayar mata da kuɗin. Wata ta kawo kofi mai ruwan zinariya, ya sa aka zuba abin sha ya kurɓa don girmama ta, ya miƙa mata kofin ta kai wa mijinta. Shugabannin coci suka tara masa fam dubu huɗu ko biyar ladan littattafan da ya rubuta yana kare su, ya ƙi karɓar ko sule. Gaskiya ne cewa daga bakin suruki muka ji waɗannan labarai, suruki kuwa ba ya rasa son kai. Amma bayan ya sauka, maƙiyansa sun tono maganar kofin a gaban majalisar sarki da nufin kama shi da cin hanci, suka tashi hannu wofi. Ya san kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Akwai tabo, kuma ba ƙarami ba ne. Ya zama Cansalo a Oktoban 1529, daidai lokacin da koyarwar Martin Luther ke shigowa Ingila ta hanyar littattafan da ake fasa-ƙwaurinsu. More ya ɗauki wannan a matsayin annobar da za ta rusa addini da ƙasa, ya kuma yaƙe ta da dukan ƙarfin ofishinsa. A cikin shekara biyu da rabi da ya yi a kujerar an ƙone mutum shida da ransu saboda aƙidarsu. Kotunan coci ne suka yanke hukuncin, amma shi ya sa aka kama wasunsu, ya yi musu tambayoyi a gidansa, ya kuma rubuta kalamai masu zafi yana goyon bayan ƙona su. Ya musanta zargin cewa yana azabtar da fursunoni a lambunsa, ya ce mutum biyu kawai ya taɓa sa a yi wa bulala. Ko an yarda da musun, gawarwakin shida suna nan. Masu kare shi kan ce dokar zamanin ke nan, kuma haka ne. Sai dai mutumin da daga baya zai nemi a bar shi da abin da ke zuciyarsa bai bar wasu da nasu ba. Horon jiki ya ba shi iko a kan cikinsa da aljihunsa, bai ba shi tausayin wanda ya saɓa masa ba. Akwai ma masu tarihi da ke ganin tsananin da ya yi wa kansa ne ya malalo kan wasu.

Maganar auren sarki

Henry ya auri Catherine ta Aragon, matar yayansa marigayi, a 1509. 'Ya mace ɗaya ce ta rayu a cikin abin da suka haifa. Sarki yana son magaji namiji, yana kuma son Anne Boleyn, don haka ya nemi Paparoma Clement na Bakwai ya warware auren. Paparoma kuwa yana ƙarƙashin ikon Sarkin Sarakuna Charles na Biyar, ɗan 'yar'uwar Catherine, wanda sojojinsa suka wawashe Rum a 1527. Kardinal Wolsey, Cansalon da ya gabaci More, ya kasa samo warwarar, aka tuɓe shi, ya mutu a hanya a 1530 ana tafiya da shi fuskantar tuhumar cin amanar ƙasa. More ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta, duk da haka ya karɓi kujerar, bisa alkawarin da sarki ya yi masa cewa ba za a tilasta shi a kan maganar auren ba. Wannan shi ne ruɗin da ke cin hadimai na gari a kowane zamani, su ɗauka za su iya zama cikin jirgi su karkata shi alhali akalar tana hannun wani.

Ranar 15 ga Mayun 1532 shugabannin cocin Ingila suka miƙa wuya ga sarki. Washegari More ya mayar da babban hatimin ƙasa, yana mai kafa hujja da ciwon ƙirji. Ya nema wa barorinsa aiki a gidajen manya, ya ba magajinsa jirgin ruwansa da matuƙansa takwas. Kuɗin shigarsa ya faɗo zuwa kimanin fam ɗari a shekara. Ya tara iyalinsa ya ce ya ɗanɗani abincin kowane mataki tun daga na ɗalibi har na fada, saboda haka za su fara da cimar makarantar lauyoyi, in ta gagara su sauka zuwa ta ɗaliban Oxford, in ita ma ta gagara su ɗauki jaka su yi bara tare. Bai yi wa sarki tawaye ba, bai tara jama'a ba, ya yi shiru. Amma da aka naɗa Anne sarauniya a watan Yunin 1533 bai halarta ba, fada kuma ta lura.

A 1534 majalisa ta yi dokar gadon sarauta, ta wajabta rantsuwa a kanta. Ranar 13 ga Afrilu aka kira More fadar Lambeth. Ya ce ya yarda 'ya'yan Anne su gaji sarauta tunda majalisa tana da ikon tsara wannan, amma ba zai rantse da gabatarwar da ta soke auren farko ta kuma kawar da ikon Paparoma ba. Aka tambayi dalili, ya ƙi faɗa. Dabarar lauya ce: a ƙa'idar shari'a shiru ana ɗaukarsa yarda, ba a kuma kashe mutum don abin da bai furta ba. Bayan kwana huɗu aka kai shi Hasumiyar Landan.

Wata goma sha biyar ya yi a ciki. Wanda ke tsare a gidan gyaran hali na Yolde Pate a Yola yau, ciyar da shi yana wuyan gwamnatin tarayya. A Hasumiya kuwa iyali ke biya, Alice ta koka cewa sule goma sha biyar take kashewa kowane mako har ta fara sayar da tufafinta. Ta ziyarce shi ta yi masa faɗa, ta ce ga gida mai kyau da lambu da 'ya'ya, ya zaɓi zama da ɓeraye saboda kalmomin da bishop-bishop da malaman ƙasa duk sun furta. Ya tambaye ta ko wannan ɗaki bai kai gidan Chelsea kusa da aljanna ba. Ga Margaret kuwa ya ce ba don mata da 'ya'ya ba, da tuni ya kulle kansa a ɗakin da ya fi wannan ƙunci. Sufancin da ya bari yana saurayi, sarki ya dawo masa da shi da hannunsa. Jarrabawa mafi tsanani daga Margaret ɗin ta zo, domin ita ta yi rantsuwar, ta kuma zo tana roƙonsa da hawaye da hujjojin da shi ya koya mata.

Wasiƙunsa na kurkuku sun nuna wani abu da ya kamata masu ɗaukar horon jiki jarumta su lura da shi. Mutumin da ya yi shekara talatin yana gurzar fatarsa ya furta cewa shi matsoraci ne a gaban zafi, yana kwana yana lissafa irin azabar da za a iya yi masa jikinsa na rawa. Ya rubuta wa wani liman cewa in aka ji ya rantse, a sani azaba ce ta tatso rantsuwar. Taguwar ba ta kashe masa tsoro ba. Ta dai sanar da shi iyakar ƙarfinsa tun kafin a gwada shi. A cikin ɗakin ya rubuta littafi kan yadda ake samun sanyin zuciya cikin tsanani, inda ya kare azumi da horon jiki daga masu cewa ba su da amfani.

Ranar 4 ga Mayun 1535, yana tsaye a taga tare da Margaret, ya ga an fito da shugabannin sufayen Carthusian uku, ciki har da John Houghton na gidan Landan inda ya yi ƙuruciyarsa, za a kai su wurin kisa don sun ƙi amincewa da sarki a matsayin shugaban coci. Ranar 12 ga Yuni aka aiko Richard Rich, babban lauyan gwamnati, ya kwashe masa littattafai. Rich ya ja shi da hira, daga baya ya rantse a kotu cewa More ya ce majalisa ba ta da ikon mai da sarki shugaban coci. More ya ƙaryata shi, ya tambayi alƙalai ko hankali zai karɓi cewa sirrin da ya hana sarki da majalisarsa shi ne zai buɗe wa mutumin da bai taɓa yarda da amanarsa ba. Mutum biyun da suka raka Rich suka ce hankalinsu yana kan ɗaure littattafai, ba su ji komai ba. Shari'ar ta 1 ga Yuli ba ta ɗauki lokaci ba, masu yanke hukunci suka dawo cikin kusan minti goma sha biyar. Sai a lokacin ya warware shirunsa, ya ce dokar ta saɓa wa dokar Allah da ta cocin duniya baki ɗaya.

Ranar 5 ga Yuli ya rubuta wasiƙarsa ta ƙarshe da gawayi, ya haɗa da taguwar ya aika wa Margaret, don kada a gan ta a jikinsa a bainar jama'a. Da safiyar 6 ga Yulin 1535 aka fito da shi. Sarki ya sassauta hukuncin daga rataya da farke ciki zuwa fille kai. Barkwancin bai bar shi ba: ya roƙi jami'in da ke rakiyarsa ya taimaka masa ya hau dandamalin, ya ce saukowa kuwa zai ji da kansa. Ya shaida wa 'yan kallo cewa yana mutuwa ne a matsayin bawan sarki na gari, kuma bawan Allah da farko. Aka kafe kansa a gadar Landan kusan wata guda kafin Margaret ta karɓo shi.

Anne Boleyn ta bi shi ƙasa da shekara guda, aka fille mata kai a Mayun 1536. Thomas Cromwell, sakataren da ya shirya tuhumar, ya gamu da irin wannan ƙarshe a 1540. Richard Rich kuwa ya zama Cansalo a 1547, ya yi wa sarakuna masu aƙidu mabambanta hidima ɗaya bayan ɗaya, ya mutu a kan gadonsa a 1567. Cocin Ingila, wadda More ya mutu yana ƙin kafuwarta, ta sa sunansa a kalandarta a 1980.

Taguwar ta koma hannun Margaret Giggs, yarinyar da ya rena a gidansa, wadda ta yi gudun hijira zuwa ƙasar da ake kira Beljiyam a yau. Daga zuriyarta ta shiga hannun mata masu zaman zuhudu da ke bin ƙa'idar Waliyyi Augustine a birnin Louvain. Da sojojin juyin juya halin Faransa suka kore su a ƙarshen ƙarni na 18, suka ƙetaro da ita Ingila, suka riƙe ta har gidansu na Devon ya rufe a shekarun 1980. Tun 2016 tana cikin akwatin gilashi a cocin sufaye ta Buckfast, inda kowane baƙo ke iya tsayawa ya dube ta.